A gwada ban ruwa da tulu kafin zafin Maris ya iso

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani fili in yi magana da masu dan lambu a bayan gida. Mu nan Marwa kowa yasan daga watan Maris zuwa Afrilu zafi na haura digiri 40, kogin Mayo Kaliao ya koma yashi zalla, ruwan da ka siya a bidon (jarka) ka zubawa tumatir da safe kafin azahar rana ta shanye.

Bara na gwada dabaran tulu, wallahi naga banbanci. Tulun kasa zaka samu irin wanda ke tsatsafo, banda wanda aka shafawa fenti ko siminti, ka haka rami ka binne shi har wuya sai ka shuka tumatir ko kubewa ko attarugu kewaye dashi da nisan kaman taki daya zuwa biyu, ka cika shi da ruwa ka rufe bakin da murfi saboda sauro kar ya samu wajen kwai. Ruwan a hankali yake ratsa jikin tulun, in kasa ta bushe taja, in da danshi ya tsaya, saiwa kuma da kanta take bi ta nade tulun. Ni bayan kwana 3 nake karawa, ciyawa ma ta ragu tunda saman kasan a bushe yake.

Sai dai ruwa mai laka ko kanwa yana toshe tulun, mai lakan a dinga tacewa. Iyayenmu mata masu ginin tukwane kuma don Allah su rika yi mana masu dogon wuya, sunfi dadin binnewa.

Naku,
Mai karamin lambu, Marwa, Kamaru