Hunturu ya kama a Damagaram, iyaye su riƙa ƙirga numfashin yara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka. Ƙurar hunturu ta lulluɓe Damagaram tun daga Birni har Zango, tari ya yi yawa a gidaje, kuma iyaye da dama ba sa gane lokacin da mura ta gangara zuwa huhu. Wanda ya san yadda numfashi yake tafiya zai gane da wuri.

Huhu ba ya jawo iska da kansa. Wannan aikin wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, mai siffar ƙwarya a kife. In ta takure sai ta yi ƙasa, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su ɗaga ƙirji, wuri ya buɗe, iska ta kwararo ciki kamar zugazugin maƙeri. Hanci yana tace ta ya jiƙa ta, ta bi maƙogwaro, ta rabu biyu zuwa huhun dama mai sashe 3 da na hagu mai sashe 2, ta yi ta bin ƙananan rassa har ta isa wasu mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, da jijiyoyin jini suka kewaye. A nan ne jini yake ɗaukar iskar oksijin, ya sauke gurɓatacciya. Iskar da ta shiga da oksijin kashi 21 cikin 100 takan fito da kusan kashi 16. Fitarwa kuwa ba ta da wahala, tsokar ce take saki, huhu ya koma yadda yake. Babban mutum da ke zaune yakan ja kusan rabin lita, sau 12 zuwa 20 a minti.

Ciwon limoniya, wato ciwon huhu, yana cika jakunkunan nan da ruwa da mugunya, sai jiki ya rama da saurin numfashi. Don haka uwa ta yaye rigar yaro yana kwance ba ya kuka, ta ƙirga ɗagawar cikinsa minti guda cif da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki a daidai lokacin da yake jan iska, ko ya kasa shan nono, a kai shi likita a ranar, kada a tsaya shafa man zafi.

Sai kuma kaskon garwashi da ake kwana da shi a ɗaki a rufe saboda sanyi. Yana fitar da wata iska marar wari wadda jini yake kamawa fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, mutum na barci ta kashe shi. Don Allah a fitar da kaskon tsakar gida kafin a rufe ƙofa.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Damagaram.