Darasin waƙa a kwalejin mata ta Spelman da waƙoƙin da ke ɓacewa a tsakar gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yi, ko ya dace a riƙa koyar da waƙa a makarantun 'ya'yanmu mata. Ni tsohuwar malamar Hausa ce, a makarantun 'yan mata na yi aikina har na ajiye alli. Abin da na sha ji daga bakin iyaye, har da wasu abokan aiki, shi ne wannan darasi ɓata lokaci ne, ko ma ƙofar lalacewa. Ba na raina fargabar iyaye, don ni ma uwa ce. Sai dai ina so in kawo tarihin wata kwalejin mata a Amurka, masu karatu su auna da kansu.

Sunanta Spelman, tana birnin Atlanta a jihar Jojiya. An buɗe ta ranar 11 ga Afrilu, 1881, shekara 16 kacal bayan haramta bauta a ƙasar. Wasu malamai mata biyu farar fata, Sophia Packard da Harriet Giles, su suka fara ta a ɗakin ƙarƙashin wani cocin baƙar fata, da ɗalibai 11 da dala 100. Yawancin ɗaliban manyan mata ne da aka haifa cikin bauta, babban burinsu su iya karatu da rubutu. Ita Giles dama malamar kiɗa ce tun kafin ta zo Atlanta, don haka waƙa ba baƙuwa ba ce a makarantar tun ranar farko. A 1884 aka sa mata sunan Spelman don girmama iyalin matar attajirin nan John Rockefeller, wanda ya biya bashin filin makarantar, a 1924 kuma ta zama cikakkiyar kwaleji.

Makarantar mishan ce, abin da aka fara koyarwa shi ne waƙoƙin coci da fiyano da kiɗan Turai. A wancan zamani da yawa daga baƙar fatar da suka yi boko kunyar waƙoƙin iyayensu suke ji, domin suna tuna musu da bulala da gonar auduga. Gaskiya ne mawaƙan jami'ar Fisk sun fito da waƙoƙin addini na bayi gaban duniya tun 1871, amma waƙar lebura da kiran mai talla babu wanda yake musu kallon abin da za a shigar aji.

A 1927 Kemper Harreld, gwanin gogen Turawa da ke koyarwa a Morehouse, kwalejin maza da ke maƙwabtaka da su, ya karɓi ragamar sashen kiɗa na Spelman. A shekarar ce aka buɗe babban ɗakin ibada na kwalejin, aka kuma fara taron waƙoƙin Kirsimeti na haɗin gwiwar makarantun biyu, wanda har gobe ana yin sa duk shekara. Harreld ya kafa tsari da horo. Amma wanda ya sa na ɗauki biro shi ne almajirinsa, Willis Laurence James.

An haifi James a 1900 a jihar Alabama, ya gama Morehouse a 1923. Yana koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Luwiziyana ya fara bin leburorin da ke aiki a bakin kogin Misisipi, yana sauraron yadda ɗaya ke jan baiti sauran suna amsawa daidai da saukar diga, yana rubuta kalmomin da karin muryar a takarda. Ya zo Spelman a 1933, ya jagoranci ƙungiyar mawaƙan kwalejin har rasuwarsa a 1966. A tsakanin nan bai daina yawo ba. Yana cikin waɗanda suka kafa bikin waƙoƙin gargajiya na kwalejin Fort Valley a 1940, kuma a 1943 ya ɗauki muryoyin talakawan Jojiya a faifai, waɗanda ke ajiye har yau a babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Ra'ayinsa shi ne tushen waƙar baƙar fatar Amurka yana cikin kiran da mutum kan yi da dogon sauti, irin na manomi mai kiran ɗan'uwansa daga wancan gefen gona, ko na mai talla a kan titi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurari yarinya mai tallar fura ko ƙosai tana jan murya da sassafe, ya san abin da mutumin nan yake nufi. Littafin da ya rubuta kan wannan bincike ya kammala shi a 1945, amma bai samu fitowa ba sai 1995, kusan shekara 30 bayan an binne shi. Wannan jinkiri yana min ciwo, domin ya nuna ko a can ɗin ma sai da aka daɗe kafin a yarda waƙar talaka ilimi ce.

To me kwalejin ta haifar? Akwai Mattiwilda Dobbs, wadda ita da 'yan'uwanta mata biyar duk a Spelman suka yi karatu. A can ta fara koyon sarrafa murya, ta gama a 1946 tana ta ɗaya a ajinsu. A 1953 ta zama baƙar fata ta farko da ta ja babban matsayi a gidan waƙar La Scala na birnin Milan a Italiya, a 1956 kuma ta hau dandalin Metropolitan a New York. Duk da wannan ɗaukaka ta ƙi yin waƙa a zauren da ake raba wurin zaman baƙi da farare, shi ya sa mutanen garinsu, Atlanta, ba su ji ta a babban zauren birnin ba sai 1962. Akwai kuma Bernice Johnson Reagon, wadda aka kora daga kwalejin Albany saboda zanga-zangar neman 'yanci, ta shiga ƙungiyar matasan da ke zaga ƙasa suna rera waƙoƙin gwagwarmaya, daga baya ta kammala digirinta na tarihi a Spelman a 1970. Ta yi digirin digirgir, ta shafe shekaru a Smithsonian, cibiyar adana tarihi ta Amurka, tana tattara waƙoƙin mutanenta, ta rasu a 2024. Ɗaya ta ƙware a waƙar Turai, ɗaya ta riƙe ta kakanni, kuma babu wadda waƙa ta zubar wa mutunci a cikinsu.

Na san wani zai ce wannan ai makarantar Kirista ce a wata duniya, ina ruwanmu. Ban ce mu kwaso fiyano ko waƙar coci ba. Mu muna da namu tarihin, kuma ya girmi Spelman. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara. Jajinta, wato malamai mata da ta horar, sukan haddace baitocin, su ɗora malfa, su shiga ƙauyuka su rera wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, su kuma su koma gida da tauhidi da hukunce-hukuncen tsarki a ka. Har yau a Islamiyya da rerawa yara ke riƙe karatu. Tambayar ita ce wace waƙa za a koyar, kuma a hannun wa.

Abin da ke hana ni barci shi ne waƙoƙin mata na cikin gida. Kakata takan durƙusa gaban dutsen niƙa tun kafin assalatu, ta zuba gero, ta riƙa tura ɗan dutse tana waƙa, numfashinta na fita daidai da kowace turawa. A cikin waƙar take ambaton garinsu da aka auro ta, da 'yan'uwanta da suka rasu, har da ƙorafin da ba za ta iya faɗa wa maigida ido da ido ba. Yau amshin kawai nake iya tunawa. Injin niƙa ya zo, mun gode Allah da ya sauƙaƙa wa mata wahala, amma ya tafi da waƙar. Haka lugude a bakin turmi, da waƙar reno, da gaɗa a dandali, da shantu, da kiɗan ƙwarya irin wanda marigayiya Barmani Coge ta yi suna da shi. A manhajar ƙananan sakandare an haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya, kuma a wata makarantar da na koyar, duk malamin da aka ga ba shi da aji a wannan sa'a shi ake tura wa. Sai ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tashi ba a rera ko baiti ɗaya ba.

Ga inda lamarinmu ya bambanta da na James. Shi namiji ne, kuma waƙoƙin da ya bi a fili ake yin su, a bakin kogi da kan titi. Namu suna bayan zaure, inda aka rubuta ba a shiga. Duk iliminsa, manazarci namiji ba zai zauna gefen tsohuwa a ɗakinta ta saki jiki ta rera masa waƙar da take yi wa kishiya ba. Jikarta ce kaɗai za ta iya. Kuma jikokin nan su ne ke zaune a azuzuwan makarantunmu na mata da kwalejojin ilimi, kowacce da waya a hannu mai ɗaukar murya.

Don haka roƙona ga shugabannin makarantun mata da sassan Hausa na kwalejojin ilimi shi ne a mai da wannan aikin hutu mai maki. Kowace ɗaliba ta nemi izinin wata tsohuwa a danginsu, ta ɗauki waƙa ko da guda biyu ce, ta rubuta baitocin, da garin da aka samo ta, da aikin da ake yi lokacin rera ta. Makaranta ta ajiye muryoyin a kwamfutar ɗakin karatu, a sa malama guda ta kula da su, a zaɓi masu tsabta a koya wa 'yan aji ɗaya. Kai kuma, Malam Edita, in za ka ware ɗan gurbi a shafin al'adu ko sau ɗaya a wata don buga abin da aka tattaro, ni zan fara aiko da na unguwarmu.

Wassalam.

Taku,
Malama mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.