Wanda warin maganin feshi ke kayarwa ba rago ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da shirinku na manoma na makon jiya, musamman amsar da baƙonku ya bai wa mai sauraron nan da ya ce da zarar ya ji warin maganin feshi sai kansa ya ɗauki ciwo. Baƙon ya ce wai rashin sabo ne, in ya daure zai saba, mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce tambaya ta gaba. Wannan amsa ta ɓata mini rai matuƙa, domin irin wannan dauriyar ce ta raba ƙanena da sana'arsa.

Ƙanena ya tashi da famfon feshi a bayansa, yana yi wa mutane feshin tumatir da wake a gonakin rani na Dadin Kowa, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki ya san ba ya gudun wahala. Wata rana murfin famfon ya yi yoyo, maganin ya jiƙa masa riga tun daga kafaɗa har ƙugu, shi kuwa ya ƙi tsayawa saboda mai gona yana jira. Kafin la'asar yawu na dalala daga bakinsa, gumi ya rufe shi, yana ta amai, baƙin idonsa ya tsuke kamar ƙwayar gero. Nono aka fara ɗura masa yadda aka saba, sai da abin ya faskara aka garzaya da shi asibiti a Gombe. Likita ya gaya mana nono ba ya karya wannan guba, kuma ta fata ta shiga jikinsa.

Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bai koma yadda yake ba. Yanzu ko wanda ya dawo daga feshi ne ya gifta kusa da shi da rigar aiki, sai jiri ya ɗebe shi, ƙirjinsa ya toshe, ya yini a kwance. Ba ya iya bin layin masu sayar da maganin ƙwari a kasuwa, kuma abin ya kai har warin fetur da turare mai ƙarfi suna tayar masa. Abokansa suna yi masa tsiya cewa ya zama rago, tsofaffi suna cewa iska ce, ga shi kuma an ji masani a rediyo ya ƙara musu hujja.

Ina so baƙonku ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar sinadarin da muke kira fiya-fiya, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Idan ɗan abin da ya maƙale a jikin wake ya isa a mayar da buhu daga ƙasar waje, yaya za a ce wa mai shaƙarsa a tsakiyar rana ya daure?

Roƙona shi ne ku gayyato likita tare da malamin gona su gyara wannan magana a shiri mai zuwa. Su faɗa ƙarara cewa wanda jikinsa ya ƙi warin nan ya bar feshi ga wani, ya kuma je asibiti. Masu ci gaba da yi su sa takunkumi da safar hannu, su bai wa iska baya, su daina busa bakin famfo da bakinsu in ya toshe, su yi wanka da sabulu kafin su taɓa abinci.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa ba ya shiga daga nan yankinmu, shi ya sa ban samu na mayar wa baƙon martani yana zaune a ɗakin shirin ba. Don Allah a duba shi.

Naku mai sauraro,
Wani manomin rani,
Dadin Kowa, Jihar Gombe.