Wasiƙa zuwa ga aminina: wa ke da Sarki Graham?

Aminina Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma zaman nesa da mu? Allah ya sa ana dacewa.

Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Maganar da ka rufe da ita ce ta hana ni sakat, inda ka ce duk wasan kwamfutar da bai fito daga hannun wanda ya ƙirƙiro labarin tun farko ba jabu ne, ko kamfani ne ya yi shi ko masoya. Ka san hali na, idan magana ta tsaya mini a rai sai na amayar da ita.

Bari mu fara da Monkey Island, jerin wasannin nan na kamfanin LucasArts, tunda da shi ka kafa hujja. Gaskiya ne Ron Gilbert ne ya jagoranci na farko a 1990 da na biyu a 1991, sannan ya bar LucasArts a 1992. Amma ko a lokacin ba shi kaɗai ya yi aikin ba, Tim Schafer da Dave Grossman suna da hannu dumu-dumu a hirarrakin da muka haddace. To na ukun fa, wanda Jonathan Ackley da Larry Ahern suka jagoranta a 1997? A ma'auninka jabu ne ke nan. Amma ka tuna daren da muka fara shi, mun kashe fitila, fuskokinmu dab da allon kwamfuta, ga Guybrush, jarumin wasan, yana shawagi a tsakiyar teku cikin 'yar motar wasan yara yana rubuta wahalarsa a littafi? A cikinsa muka haɗu da Murray, ƙoƙon kan nan da ba hannu ba ƙafa, sai cika baki da barazana. Kai ne ka yi mako guda kana kwaikwayon dariyarsa. Da Gilbert ya dawo a 2022 da Return to Monkey Island, bayan shekara talatin, bai kori Murray ba, gurbi ma ya ba shi. Idan maigida da kansa ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, mu su wa da za mu ce ya tashi?

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne King's Quest. Roberta Williams ta fito da jaruminsa, Graham, a 1984 a ƙarƙashin kamfanin Sierra, aka yi ta tafiya har na takwas a 1998, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Sai a 2015 aka sake ganin sabo daga kamfani, shi ma wasu ne daban suka yi shi. Shekara goma sha bakwai ke nan. Wa ya riƙe gidan a tsawon wannan lokaci? Masoya ne. A 2001 wasu da daga baya aka san su da AGD Interactive suka sake gina na farkon da sababbin zane-zane, ana sarrafa shi da linzamin kwamfuta maimakon rubuta umarni, suka saki kyauta. Da manhajar Adventure Game Studio ta Chris Jones suka yi, wadda ita ma kyauta ce. A 2002 suka ɗauki na biyun, wanda labarinsa na asali bai da kauri sosai, suka faɗaɗa shi. Kuma ka san wa ya yi muryar Graham a cikinsu? Josh Mandel, mutumin da ya yi ta tun zamanin Sierra. Ranar da na fara jin muryar nan ta fito daga wasan da ba a sayar mini ba, sai da na saki linzamin na yi shiru na ɗan lokaci. Ka gaya mini, a ina za ka ja layi tsakanin na asali da jabu a nan?

Sannan ga masu The Silver Lining, da suka so su ci gaba da labarin daga inda aka tsaya. A 2005 kamfanin Vivendi, mai haƙƙin mallaka a lokacin, ya aiko musu da takardar dakatarwa. Masoya suka yi ta roƙo da rubuce-rubuce har aka ba su izini, da sharaɗin cire sunan King's Quest daga taken wasan. A 2010 kamfanin Activision, wanda haƙƙin ya koma hannunsa, ya sake tsayar da su, aka sake kai ruwa rana, sannan kashin farko ya fito a watan Yulin shekarar. Abin lura, Kabiru, babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu da ya ƙirƙiri Graham. Sayen takardar mallaka suka yi. Yanzu ma takardar tana hannun Microsoft, tun da ya sayi Activision a 2023. Shi kansa Gilbert sai da ya sami amincewar Disney, wanda ya sayi Lucasfilm, uwar kamfanin LucasArts, a 2012, kafin ya koma ga labarin da ya fito daga kansa. Ashe mai takarda daban, mai ƙirƙira daban, masu riƙon amana kuma daban. Ni na ukun nan nake jin ana tauye wa haƙƙi idan aka kira aikinsu jabu.

Ba zan ƙi ba ka gaskiyarka ba. So yakan rikiɗe ya zama gadara. Ka ga abin da aka yi wa Gilbert a 2022, lokacin da wasu suka ƙi salon zanen sabon wasan suka yi masa ca da zagi, har ya ce ya daina magana a kansa. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don son abu bai ba ka ikon juya mai shi ba. Haka kuma wasannin masoya da yawa suna da wata cuta: sai sun cusa kowane tsohon suna, sai sun amsa kowace tambayar da marubuci ya bari a buɗe da gangan, har labarin ya rasa wurin numfashi. Sharaɗina kawai shi ne mai yi ya faɗa a fili cewa nasa ne, kada ya sayar, kada kuma ya ce abin da Roberta ke nufi ke nan.

Ga roƙona. Ka nemi King's Quest na biyu na AGD, ka ba shi dare biyu kacal. Idan ka gama ka rubuto mini wurin da ka ji hannun ya canza, da wurin da ka manta cewa ba Sierra ce ta yi shi ba. Ni na san nawa, amma ba zan faɗa ba sai na ji naka.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Bello