Kafin ki hau Masada

'Yata,

Ima, mahaifiyarki, ta gama haɗa miki kaya tun jiya, ni kuwa nawa guzurin shi ne takardar nan. Ki karanta a jirgi, ba sai kin ba ni amsa ba.

Na ga jadawalin da ƙungiyarku ta aiko: Kumran, Ein Gedi, Masada, sannan ku gangara hamadar Negeb a kudancin Isra'ila, duk a tsakiyar Yuli. To, maganar ruwa zan fara yi miki. Zafin hamada busasshe ne, gumi na bushewa tun kafin ki ji shi, sai ki ɗauka lafiyarki ƙalau. Ina ɗan shekara 17 na hau Hanyar Maciji, hanyar ƙafa ta hawa dutsen Masada, da tawagarmu. Mun tashi tun da sauran duhu don fitowar rana ta same mu a sama, matakala wajen 700, hawan kusan mita 350. Gora ɗaya na ɗauka, na sha rabi na miƙa wa wani sauran don burga. A saukowa na fara gani dishi-dishi. Ban farfaɗo ba sai da madrikh ɗinmu, wato jagoran tawaga, yana yayyafa mini ruwa a fuska, 'yan matan da nake yi wa burgar kuma suna tsaye a kaina. Ki riƙa sha tun ƙishirwa ba ta kama ki ba, ki haɗa da ɗan abu mai gishiri. In kin ga fitsarinki ya yi duhu ko kanki na sarawa, ki faɗa wa madrikh nan take, babu kunya a ciki. Hula kuma kar ta bar kanki.

A kan dutsen za a zaunar da ku a ba ku labarin da aka ba mu: yadda rundunar Roma ta goma, ƙarƙashin Filabiyus Silba, ta yi wa wurin ƙawanya wajen shekara ta 73, ta tara ƙasa ta yi gangara daga yamma, da yadda Yahudawa 960 da suka fake a can suka zaɓi mutuwa a kan bauta, in ban da mata biyu da yara biyar da suka ɓuya. Jikinki zai yi sanyi, nawa ma ya yi. Amma ki sani mutum ɗaya ne ya rubuta mana wannan labari, Yusifus, Bayahude marubucin tarihi, wanda bai kasance a wurin ba, kuma a Roma yake cin tuwonsa. Shi ɗin ne ya rubuta cewa mutanen Masada sun kai hari Ein Gedi a lokacin Pesah, Idin Ƙetarewa, suka kashe mata da yara sama da 700, Yahudawa 'yan'uwansu. Wannan ɓangaren ba a gaya mana ba a zamaninmu. Ki tambaya, amma cikin ladabi, kar ki mai da shi kacici-kacicin kunyata jagora a gaban yara.

Abin da na fi so ki gani ba ya cikin jawabin. Ki nemi ramukan ruwan da maginan Sarki Hirudus suka fafe cikin dutse, ki sauka cikin babban da ke kudancin tsaunin, ki taɓa yaɓen bangon da hannunki. Wuri ne da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, amma suka janyo ambaliyar kwazazzabai ta magudanai zuwa ramuka 12 a jikin tsaunin, daga nan a yi ta jigilarsa zuwa sama, har da ɗakin wanka. Idan kun isa kangon birnin Abdat a Negeb za ki ga irin wannan dabarar a hannun Nabatiyawa, fataken zamanin dā waɗanda ayarinsu ke ɗauko lubban da mur daga kudancin Larabawa zuwa tashar Gaza. Su ma 'yan gidan ne a hamadar nan, haka Badawiyawan da za su shayar da ku shayi a tanti. Makiyayi Badawiye ne ya fara cin karo da tulunan tsofaffin littattafan addinin Yahudawa a kogon Kumran a 1947. Ki gaishe su kamar yadda kike gaida manyanki, kar ki ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Tekun Gishiri kuwa, kar ki yi aski ana gobe za ku shiga, kar ki nutsa kai, kar ki yarda a yi wasan fantsama. Ɗigo ɗaya a ido ya ishe ki kuka.

Kuma kar ki tsinto mini ɓalgacen kasko don tsaraba, doka ta hana, nan aka ga ya dace ya zauna. Abin da nake so shi ne ki ƙirga matakalar ramin ruwan nan ki rubuto mini. Ima kuma ta ce ki kira ta ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, hutun Asabar ya shiga.

Abbanki