Edita, a ɗan ba masu kiɗa zalla gurbi a shafin nishaɗi

Assalamu alaikum ranka ya daɗe Edita, tare da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ya ƙoƙari, Allah ya taimaka.

Ni mai gyaran waya ne nan Katsina wajajen Ƙofar Ƙaura, ina kuma taɓa turin waƙoƙi a memori, ka ga kenan kunnena kullum cikin kiɗa yake ko ina so ko ba na so. Na daɗe ina bin shafinku na nishaɗi kuma wallahi ban raina ƙoƙarinku ba, amma abin ya fara isata, kullum wane ya rabu da wance, wance ta sayi mota, mawaƙi kaza ya yi wa ɗan siyasa kaza waƙa. Shi kiɗan kanshi fa, da wanda ya zauna ya haɗa shi? Ba a taɓa tambaya. Shi ya sa na ce bari in rubuto kan sabbin faya-fayan tekno da hawus, wato kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, da ke fitowa kowane sati daga ƙananan kamfanoni na bayan fage, waɗanda ko rediyo ba ta san da su ba, don akwai abin da ya shafe mu ciki.

Na san wani zai ce mi ya haɗa Bakatsine da kiɗan Turawa. To tun nan aka yi kuskure, baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro abin nan. Hawus a Chicago ya tashi farkon shekarun 1980, sunan ma daga wani gidan rawa ne da ake ce ma Warehouse inda Frankie Knuckles ke sa faifai. Tekno kuma Detroit ne, garin ƙera motoci da masana'antu suka durƙushe aka bar matasa ba aiki, wasu samari uku Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fara shi da injinan kiɗa na kwance. Akwai wani injin ganga na kamfanin Roland, TR-909, da ya fito 1983 bai yi kasuwa ba, sai ya koma ana saida shi da araha, yaran suka kwashe, yau kuwa sai mai kuɗi ke iya mallakar na asali. Daga baya Jamusawa suka rungumi abin, Berlin ta zama cibiya bayan faɗuwar katangar da ta raba garin biyu a 1989, har a 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado. Kiɗan da yara suka fara a ɗaki fa kenan.

Yadda faya-fayan ke fitowa shi ne ya fi ɗaukar mani hankali. Ba kundi ba ne mai waƙa goma sha biyar da bidiyo da talla. Galibi kiɗa uku ne ko huɗu, kowane minti shida zuwa takwas, a buga a faifan garmaho babba mai inci 12, irin dai wanda iyayenmu suka saurari Shata da shi, eh har yanzu ana buga shi, sai dai kwafi 'yan ɗaruruwa ne in ya ƙare shi kenan. Wani ma takardar tsakiyar faifan fara ce fat, ba hoto ba suna sai hatimi da aka danna da hannu, mai kiɗan bai son a san fuskarshi. Akwai wata ƙungiya a Detroit, Underground Resistance, su rufe fuska ma suke yi da gangan don a bar kiɗan ya yi magana. Ka kwatanta da nan inda minti ɗaya na farkon waƙa kiran sunayen masu gida ne da mai situdiyo da wanda ya biya kuɗin mota.

Mu da ba mu da garmaho a Bandcamp muke ji, shafi ne da mai kiɗa ke ɗora kayanshi ya sa farashi da kanshi, masu shafin su ɗauki kashi 15 cikin ɗari su bar mashi sauran, tun 2020 kuma suna ware wasu Juma'o'i da ba su ɗaukar ko sisi. Ana iya saurare kafin a saya, ni dai sauraren nake yi da datar dare don katina na banki ya sha ba ni kunya wajen biyan dala, ban da ita kanta dalar da ta fi ƙarfin mai gyaran waya.

Ranar farko da na kunna wani sabon faifai a shago maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo ya ce wai sifikar ce ta maƙale ko janareta ne ya samu matsala, abu ɗaya dum dum dum ba ya canjawa. Na yi dariya na ce zauna ka ba shi minti uku. Bugun ƙasa ne guda huɗu a jere, kamar 120 zuwa 130 a minti in hawus ne, tekno ya kan fi haka sauri, shi ba ya motsi, amma a samanshi ake sana'ar, a shigo da kacau-kacau a hankali, a janye ganga gaba ɗaya har ranka ya fara nemanta sai a dawo da ita. Can sai ga maƙwabcin nawa yana kaɗa kai yana taka keke daidai da bugun, ya ce ai wannan kiɗan noma ne. Wallahi ya gama magana. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen gayya ana kiɗa ma manoma, ko ya ji mata na lugude a turmi, ko kiɗan ƙwarya a gidan biki, ko 'yan kalangun Shata suna riƙe da zango ɗaya minti goma shi yana hawa yana sauka a kai, ya san wannan dabarar. Mu ba baƙonmu ba ne, na'ura kawai suka sa inda muke sa fata.

Inda abin ke mani ciwo kenan. In ka bi sabbin fitowar nan za ka ga Afirka ta cika su. Afirka ta Kudu da kiɗan gqom na garin Durban da kiɗan amapiano, makaɗinsu Black Coffee har kyautar Grammy ya ci a 2022 da hawus. A Kampala akwai kamfanin Nyege Nyege Tapes da ya ɗauko singeli, kiɗan yaran unguwannin Darussalam ta Tanzaniya mai gudun bala'i da suke haɗawa a tsofaffin kwamfutoci, ya kai shi har bukukuwan Turai. Ko nan maƙwabta, Mamman Sani na Nijar da ya ɗauki kiɗan fiyanonshi a kaset a 1978, wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a faifai a 2013 duniya ta ji. Maraɗi daga nan ai ko Kaduna ta fi ta nisa. To ina namu? Ina kalangu, ina kotso, ina duma da gurmi?

Kuma ba wai ba mu da masu hannu ba. Akwai yara a situdiyoyin garin nan da Funtuwa da Daura, ɗaki ɗaya da fiyanon Yamaha da kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, nepa ta ɗauke su tada inji da man da suka yi karo-karo, su kwana suna haɗa kiɗa, da safe mawaƙi ya zo ya ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya ɗora murya, waƙa ta fashe a TikTok, sunan yaron ko a ƙarshe babu. Wani ƙanena a cikinsu yake, na taɓa jin wani kiɗa da ya haɗa kafin a hau kai, kalangu ne ya ɗauka da waya wajen wani biki ya yanka ya jera bisa bugu huɗu, na ce mashi wannan ka bar shi haka ya fi daɗi, ya kalle ni kamar na zautu ya ce yaya wa zai sayi kiɗa ba waƙa. Ban ga laifinshi ba, ba wanda ya taɓa nuna mashi cewa akwai kasuwar da kiɗan zalla shi ne hajar, kuma mai haɗa shi ne ake rubuta sunanshi.

Ban ɓoye ba, can wajensu kiɗan gidan rawa ne na dare, da shaye-shaye da abubuwan da addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda da su ba, ni ma ba na goyon baya kuma ba shi nake kira a kawo mana Katsina ba. Ni a iyafis nake jin nawa ina kan allon waya da ƙarfen lika, babu zagi ciki babu batsa don babu ma magana, wanda ba zan iya faɗin haka kan wasu waƙoƙin da ake kawo mani in tura ma yara a memori ba. Malamai na da maganarsu kan kiɗa gaba ɗaya, wannan fagensu ne, ni ban kai can ba.

Roƙona guda biyu ne ranka ya daɗe. Ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, wani wakilinku mai kunne ya saurari sabbin faya-fayan nan musamman na Afirka ya bayyana mana su da Hausa, wa ya haɗa, da wane kaya, daga wane gari. Sannan in za ku yi hira da mawaƙi ku tambaye shi wa ya yi mashi kiɗa, ku buga sunan, in da hali ku je situdiyon ku same shi. Ƙanen nawa dai na matsa mashi ya ajiye kiɗa huɗu bai ba kowa ba, yanzu muna neman makaɗin kalangun da ya ɗauka a bikin nan don a nemi izininshi a sa sunanshi kafin mu ɗora, an ce mutumin wajen Mashi ne, in an sauka daga aikin gona za mu je.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu kullum,
Wani mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura, Katsina