Sanƙarau: A Waiwayi Waɗanda Suka Tashi Daga Jinya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan cutar sanƙarau, wadda duk shekara idan zafi ya kankama ake kawo mana adadin waɗanda ta kashe, amma ba kasafai ake waiwayar waɗanda suka tsira da rai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yana rasuwa, kuma ɗaya cikin biyar yana tashi da naƙasa mai ɗorewa, kamar kurumta, farfaɗiya ko wahalar riƙe karatu.

Bincike ya nuna cewa ba ƙwayar cutar kaɗai ke yin wannan ɓarna ba. Idan ta bi jini ta ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, takan hayayyafa da sauri a cikin ruwan da ke kewaye da ita, sai fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa domin yaƙarta, kuma a garin wannan yaƙi ne kumburi ke tashi. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri, saboda haka matsi yakan ƙaru, hanyoyin jini su tsuke ko su toshe, wasu sassan ƙwaƙwalwa su rasa iskar oksijin su mutu. Idan kumburin ya kai can cikin kunne, ƙashi kan iya tsirowa ya toshe wurin, shi ya sa likitoci ke son a gwada jin yaro da zarar ya warke, tun kafin ƙofar gyara ta rufe.

Allurar ceftriaxone tana kashe ƙwayoyin, sai dai fashewar da suke yi tana ƙara rura kumburin, dalilin da ya sa aka gwada haɗa magungunan kashe ƙwayoyin da dexamethasone, wani maganin rage kumburi. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2002, wannan haɗi ya rage mace-mace a tsakanin manya a Turai, amma da aka gwada shi a Malawi, a kan yara a 2002 da manya a 2007, ba a ga amfaninsa ba. A 2023 kuma masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun gano cewa ƙwayoyin suna tsokanar jijiyoyin jin zafi har su saki wani sinadari mai suna CGRP, wanda ke dusashe garkuwar jiki a wurin. Wannan albishir ne, amma a kan ɓeraye aka yi aikin, kuma darasin Malawi ya isa ya nuna cewa dole cibiyoyinmu, irin su Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Yaba da asibitocin koyarwa na Arewa, su riƙa gwada magunguna a yanayinmu, bisa amincewar majinyata, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba.

Mu mazauna Legas kada mu ɗauka wannan matsalar Arewa ce kawai, tunda kullum motoci suna sauke 'yan uwanmu a Agege da Mile 12, kuma samari da yawa suna kwana a cunkushe a ɗaki guda. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar nan ta cewa idan zazzaɓi ya yi tsanani, wuya ya sandare, mutum ya kasa kallon haske, sai a saya masa maganin maleriya a kemis, idan abin ya ƙi a yi karo-karo a sa shi a mota a ce a kai shi gida. Tafiyar da ke cin yini da kwana ta ishi kumburin ya gama aikinsa.

Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV a 2024, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Ina kira ga sarakunan Hausawa da limamanmu na Legas da su nemi a kawo shi unguwanninmu, ita kuma wannan jarida ta aika wakilanta su binciko yara nawa ne aka gwada wa ji bayan an sallame su daga asibiti.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Agege, Legas